Littafin da Anti Ta Mayar Greensboro

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya daga Columbus, ni ina tuƙi, Anti ƙanwar mahaifiyata tana gefena rungume da jaka kamar mai jego. Na ce ta ajiye ta a kujerar baya ta miƙe ƙafa, ta watsa min harara. A cikin jakar akwai littafin addu'o'in Yahudawa naɗe cikin farin ƙyalle, kuma saboda shi muka fito.

Anti ta daɗe tana girki a wata ƙaramar makarantar kwana ta Yahudawa a Greensboro, kafin ɗalibai su yi ƙaranci a rufe ta. Ranar da ake kwashe kaya ta tsinci littafin a bayan firji, ba mai shi a kusa. Ta san da sunan Allah a ciki, don haka hannunta ya kasa kai shi shara. Ta tafi da shi Ohio ta ajiye. Yanzu ciwo ya ci ƙarfinta, za ta koma Kumasi gaba ɗaya, kuma tana tsoron 'ya'yanta su haɗa shi da tsoffin jaridu. Sai ta ji labari cewa tsohon malamin addinin makarantar yana tara littattafan da suka tsufa za a binne su, yadda al'adarsu take.

Hanyar West Virginia duwatsu ne da kwana, kwana da duwatsu. Duk kwanar da na sha sai Anti ta yi salati, da muka shiga ramin da aka fasa cikin dutse kuwa sai ta hau karanto duk abin da ta haddace. Mai ya ɗan fi sauƙi a Virginia, amma masu karɓar kuɗin hanya sun riga sun cinye rarar. A gidan mai muka buɗe kular wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin nan na Ghana, har wani direban tirela ya tsaya yana tambayar ina ake sayar da abin.

Da la'asar muka shiga Greensboro ta titin Gate City Boulevard. Gidajen haya, filayen sayar da motoci, shagunan baƙi jere da juna. Anti ta nuna min inda take sayen gari da manja a da, yanzu waya ake gyarawa a wurin. Muka sauka gidan ƙawarta, wata Hajiya 'yar Damagaram, wadda ta cika mu da dambu tana cewa game da makarantar, "Lakwal ɗin nan, ko ta gefenta na bi sai zuciyata ta sosu."

Washegari da hantsi muka isa makarantar. Ciyawa ta cinye filin ƙwallo. Tsohon malamin ne ya buɗe mana ƙofa, ɗan siriri mai ƙaramar hula a tsakiyar kai, yana ganin Anti ya ce "Mama", sunan da yara ke kiranta da shi. Shi ya ba ni tarihin wurin muna tafiya: wasu iyalai ne suka kafa ta domin yaran ƙananan garuruwa, inda yaro kan tashi shi kaɗai ne Bayahude a ajinsu. Ba ta taɓa cika ba. Kowa ya san sunan kowa, har da na kakanni.

Anti ta ja ni kicin. Gefe biyu ne, na nama da na madara, kowanne da tukwanensa da wurin wanke-wankensa, cokali ba ya tsallakawa. Ta ce ranar Juma'a tun safe take gama girkin Asabar, don ba a kunna wuta ranar. Da yamma yaran su sa fararen kaya, a kunna kyandir, a yanka burodi mai kitso, su yi ta waƙa suna buga tebur. Masu kewar gida kuma su sulalo wurinta su zauna kan buhun dankali. Tana faɗa tana shafa kantar da ƙura ta rufe. Ni dai na juya baya, don idona ya cika.

A ɗakin karatu kwalayen littattafai kashi biyu ne, na farko na waɗanda za a binne. Anti ta warware ƙyallen ta miƙa littafin da hannu biyu. Malamin ya sumbace shi, ya buɗe, ya duba shafi bayan shafi, sannan ya girgiza kai.

"Mama, wannan ba a binne shi. Lafiyarsa ƙalau, kin adana shi da kyau. Wanda ya yage ake binnewa."

"To Malam, a ba wani yaro ya yi amfani da shi."

Ya nuna kashi na biyu, kwalaye har kusa da taga. "Duk waɗannan masu lafiya ne. Mai karantawa nake nema musu."

Ya ɗora nata a sama. Ta sauke amana, amma ban ga farin ciki a fuskarta ba. A hanyar dawowa duk kwanar da na sha ba ta yi salati da ƙarfi ko sau ɗaya ba, tagar kawai take kallo.

Na fita ina ganin aikina kawai in kai tsohuwa in dawo da ita. Na dawo na san cewa ajiye littafi da tsabta bai isa ba, kuma Anti ta riga ni ganewa. Muna shiga gida ta wuce ɗaki ko mayafi ba ta cire ba, ta fito da Alƙur'anin marigayi mijinta, sabo fil kamar ba a taɓa buɗe shi ba tun rasuwarsa. 'Ya'yanta ba wanda ya iya karanta baƙin Larabci.

"Ke kin yi makarantar allo," ta ce. "Ungo. Kada ki adana min shi. Ki karanta har ya yage."