Haddar Da Na Sa Attahiru

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai ƙanena Attahiru makwancinsa. Na girme shi da shekara tara, amma ni aka bari. Yanzu ido ya yi rauni, hannu yana rawa, wannan rubutun ma a zama uku na yi shi. Akwai maganar da na daɗe ina ɗauke da ita, kuma na gaji.

Mahaifinmu ya rasu Attahiru yana aji biyu na sakandare, riƙonsa ya dawo hannuna a gidanmu na Ƙofar Kware. Zamanin soja ne, kuɗin mai sun shigo, ko'ina ka duba a Sakkwato gini ake yi. Ni ina kula da leburori a wajen wani ɗan kwangila. Bokona bai wuce firamare ba, sai dai allo na yi shi sosai har na sauke. Kullum a wurin aiki ina ganin injiniyoyin da aka ɗauko daga nesa, su nuna da yatsa, mu kwasa da gudu. Na ƙudurta sai Attahiru ya zama ɗayansu. Shi ma abin da yake so ke nan. Sharaɗin dai shi ne ya ci lissafi da kyau a jarrabawar fita.

A lissafin nasu akwai sashen da ba amsa kawai ake nema ba. Za a zana alwatika ko da'ira, a ce ka kawo hujja, mataki bayan mataki, cewa wannan kusurwa daidai take da waccan. Malaminsu, Malam Bulus, Kirista ne daga wajen Jos, yana zaune a Mabera. Ya rubuta musu hujjojin a allo, suka kwafa a littafi. Da na buɗe littafin na ga layuka a jere, sai na ce a raina, ai wannan hadda ce, hadda kuwa mun san ta.

Kullum bayan la'asar sai mu zauna a zaure, in riƙe littafin, shi kuma ya kawo da ka. Ban fahimci abin da ke ciki ba, amma ina iya bin haruffa da yatsa. In ya tsallake layi, in ce ya koma farko.

Wata rana ya miƙo mini wata takarda. Abin da littafi ya yi a layi tara, shi ya gama a huɗu.

"Yaya, dubi. In ka ja layi daga nan zuwa nan, ta fito da kanta."

"Shina cikin littafi?"

"A'a, amma daidai ne."

"Kai ka fi wanda ya rubuta littafin sani? Koma farko."

Na yage takardar a gabansa.

Bayan mako biyu Malam Bulus ya zo gida a kan kekensa. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Maigida, yaron nan yana gani da idonsa. Tun da kuka fara wannan tilawa ya daina ɗaga hannu a aji. Littafin nan misali ne kawai. Ranar jarrabawa zanen da bai taɓa gani ba za su ba shi."

Na ce, "Malam, a garin ga ana karatu tun ba a san boko ba. Ba baƙo zai koya muna yadda ake riƙe ilimi ba."

Bai ja ba. Ya ce Allah ya ba da sa'a, ya hau kekensa. Ni kuma na hana Attahiru zuwa darasin da yake yi musu kyauta ranar Asabar.

Abu biyu na haɗa waɗanda ba ɗaya ba ne. Maganar Allah ba a sauya ko wasali guda a cikinta, shi ya sa ake haddace ta yadda ta zo. Hujjar lissafi kuwa aikin ɗan Adam ce, ana iya isa gare ta ta hanyoyi da yawa. Ban san haka ba, kuma da aka gaya mini ban saurara ba.

Sakamako ya fito, ya ci komai, ban da lissafi. Yana iya sake rubuta jarrabawar shekara mai zuwa. Amma raina a ɓace yake, aiki kuma ga shi ko'ina, sai na kai shi wajen maigidana ɗan kwangila, aka ba shi riƙon igiyar awo. A wannan layin ya ƙare rayuwarsa, yana auna wa wasu abin da suka zana.

Sau ɗaya ya taɓa tayar da maganar. Muna dawowa daga wani suna a mota, dukkanmu da furfura, ya ce, "Yaya, ka san ranar jarrabawar nan na ga hanyar? Ina kallon zanen na gan ta. Sai na ji muryarka, na tsaya ina neman shafin da take, har lokaci ya ƙare." Ya yi dariya. Na ce ƙaddara ce. Nan ne ya kamata in ce ya yafe mini, ban ce ba.

Wani lokaci ina tunanin me zai ce da ya ga yau. Jikokina a Arkilla suna shirin irin wannan jarrabawa, amsa tana cikin waya, iyaye kuma sakamako kawai suke tambaya. Ba na jin zai yi faɗa, ba halinsa ba ne. Zai ja kujera ne ya zauna kusa da yaro.

Haka 'ya'yansa suka ce yana yi musu. Bai taɓa riƙe wa ɗayansu littafi ba. Sai ya ce, "Nuna mini yadda ka gani," ko da kuskure ne ya bari ka kai ƙarshe. Babu injiniya a cikinsu, amma babu mai tsoron faɗin abin da ya gani. Babu gini a garin nan da ke ɗauke da sunansa. Wannan tarbiyyar ce ya bari.

Yafiyar Attahiru ta wuce ni, sai addu'a. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Malam Bulus kuwa tuni ya bar Sakkwato, ban san ko yana raye ba. In shi ko wani nasa ya ga wannan rubutu, ina so ya sani gaskiyarsa ce. Na gane haka tun ranar da sakamako ya fito. Mabera ba nisa, girman kai ne ya hana ni zuwa.