Goron da na goga a gaban jama'a

Shekara uku ina jinyar mahaifiyata Mma bayan ɓarin jikinta ya shanye, ban taɓa jin ta ce sannu ba. Idan na dama koko ya yi ruwa, idan na ƙara gari ya yi kauri. Da haushin ya ishe ni sai na zauna na rubuta wasan kwaikwayo a kan wata tsohuwa mai tsiwa da 'yarta mai kula da ita. Matan ƙungiyarmu suka yi shi a filin makarantar allo a unguwarmu Aboabo.

Masu suka ba su bar ni ba. Wani mai shiri a rediyo ya ce wasan yana tafiya kamar motar trotro mai jiran fasinja. Malamin makarantar ya ce yaren Twi ya yi yawa a ciki. Duk ban damu ba. Tsorona ɗaya ne: Mma ta gane kanta, ta ce na kai ta kasuwa.

Ranar nuni na biyu ta ce sai an tura ta a kekenta. Na ajiye ta a gaba. Tsohuwar wasan ta yi ta masifa, mutane suna dariya, Mma ko gezau.

Aka zo wurin da 'yar take goga wa uwarta goro, tunda ba haƙora. Mai wasan ta murza shi a magogi da sauri, ta zube mata a tafi. Sai Mma ta ɗaga hannunta mai lafiya.

"Ku dakata. Wannan ba ta iya ba koraa, ko kaɗan. Wa ke goga goro bai jiƙa shi ba? So take ta shaƙe tsohuwa?"

Kowa ya juyo yana kallon ta.

"Tawa 'yar takan tsoma shi a ruwa, ta goga a hankali, ta ɗanɗana kafin ta ba ni. Shekara uku ban sarƙe ba. Ke, tashi ki nuna mata."

Na tashi ina dariya, hawaye suna zuba. Aka kawo ruwa a kofi, na durƙusa na goga, mata suna ta guɗa. Daɗin da na ji ranar ban san da me zan kwatanta shi ba.

Na miƙa wa Mma, ta kama hannuna, ta tauna, ta haɗiye.

"Ya ɗan yi laushi da yawa," ta ce, amma ba ta saki hannuna ba.