Kwantenar Da Na Ce An Sace Mini

Edita, lokacin da abin nan ya faru ina sayar da takalma a Kano, zuwana Guangzhou na uku ke nan, har na fara jin na san gari. Ina da wani hali da na ɗauka wayo ne: ba na yarda da kowa. Mai yi mini lodi wani dattijo ne ɗan zangon Kumasi, yana da ofis a unguwar Dengfeng. Mutum ne mai sanyin magana, ni kuwa sanyin nan ma damuna yake yi, gani nake akwai abin da yake ɓoyewa.

Da na gama sayayya a kasuwar Zhanxi Lu aka tara kayan a siton dattijon. Ranar lodi ya gama rubuta takardu, ya bar ni da ma'aikata ya tafi wani aikin. Na ga sauran wuri a kwantenar, sai na sa aka cusa kwalayen tayil da na saya don gidan da nake ginawa. Ban gaya masa ba, tsoro nake kada ya ga kayan ya raina abin da nake ba shi. Bayan mako guda jirgin ruwan ya tashi, na duba a waya, babu kwantenata a ciki. Na kira shi, ya ce an tsayar da ita a tasha, bai san dalili ba tukuna, in yi haƙuri. Tayil ɗin bai ko faɗo mini a rai ba. Wani da muke masauki ɗaya ya ce ai haka suke yi, su karkatar da kaya su ce tasha ce. Ina jin haka na ɗauki waya na aika murya a zauren 'yan kasuwarmu, na kira dattijon ɓarawo, na ce kowa ya yi hattara.

Washegari da safe na hau mota zuwa tashar jiragen ruwa ta Nansha, wai in gani da idona. Na tarar da wuri kamar gari guda. Kwantenoni jibge bisa juna iya ganinka, manyan injuna na ɗaga su suna ɗorawa a jirgi, tireloli sun yi layi, babu mai shiga da ƙafa. Mai gadi ya girgiza hannu ya ce meyo, wato babu. Sai na bi gefen shingen waya ina ɗaukar hoton lambobin kwantenoni. Ban yi nisa ba jami'an tsaro suka tare ni, suka karɓe waya da fasfo, suka ajiye ni a wani ɗaki. Da suka tambayi wanda ya san ni, lambar dattijon kaɗai na iya bayarwa.

Ya zo da la'asar da takardu a hannu. A nan na ji cewa sikelin bakin ƙofa ya nuna kwantenar ta fi nauyin da aka rubuta, aka ware ta, aka buɗe, aka ga kayan da ba a bayyana ba. Shi ake tuhuma, don shi ya sa hannu. Ya dube ni ya tambaya ko na san da tayil. Na ce na sani. Ya tsaya mini har aka sake ni. A mota ya ce ya ji saƙona, zai gyara takardun kayana su tafi, amma daga wannan in nemi wani mai lodin.

Na koma zauren na janye maganata, amma kafin nan wasu sun riga sun kwashe kayansu daga sitonsa, kuma ba su dawo ba. Ya ce ya yafe mini, sai dai har yau in na biyo ta layin ofishinsa canza hanya nake yi. 'Yan'uwana 'yan kasuwa, duk abin da ya shiga kwantena ku gaya wa mai lodinku. In kaya suka makale, ku fara tambayar kanku me kuka yi kafin ku taɓa sunan mutum. Ni kayana sun isa Kano lafiya, shi ne ya yi asara.