Alhaji Garba da Tsohon Mai Kwalekwale

A ƙofar Masallacin Huaisheng da ke Guangzhou labarin ya same ni, muna neman takalmanmu bayan sallar Juma'a. Wani ɗan Maraɗi ne ya riƙe hannuna ya ce, "Malam Nasiru, sai haƙuri. Alhaji Garba ya rasu a Wudil, har an kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mun san ya koma gida da ciwo, amma duk mun ɗauka zai dawo. Da na gama salati, abin da ya fara zo mini a rai shi ne, wa zai faɗa wa tsohon nan na bakin kogi?

Alhaji Garba ɗan kasuwar jakunkuna ne, ya fi mu daɗewa a Guangzhou nesa ba kusa ba. Ɗan masunta ne kuma, ruwa bai taɓa fita daga ransa ba. Duk baƙon da ya ga kewar gida ta fara cinsa, sai ya ja shi ran Lahadi zuwa kudancin birni, inda kogi ya rarrabu tsakanin gonakin ayaba. A can yake da aboki, wani tsohon Basine mai ƙaramin kwalekwale na inji, wanda ke zagayawa da masu kallon tsuntsaye. 'Yan kasuwarmu ta Tianxiu kan tsokane shi, wai mutum ya zo Sin sari ya ɓige da kallon balbela. Sai ya yi dariya ya ce, "Idon da ya yi mako yana kallon kwali, ku bar shi ya ga abin da ba a sayarwa."

Ni ma haka ya ja ni. Muka ratsa cikin bado, zalɓe na tsaye a taɓo, agwagin ruwa na tashi a gabanmu. Na fara ba shi labarin wani kaya da ya maƙale mini a kasuwar jakunkuna ta Shiling, ya ɗaga hannu ya ce, "Nasiru, yi shiru, tsuntsu ba ya son ciniki."

Ranar na yi katoɓara. Matar tsohon ta dafa mana kifi a wata tukunya da ta ware wa Alhaji shi kaɗai, don ta san abin da ba ma ci. Na cinye gefe ɗaya, na juya kifin kamar yadda kowa ke yi a gida. Tsohon ya ajiye tsinkayen cin abincinsa, fuskarsa ta canza. Ashe a wurin masuntansu, juya kifi kamar kifar da jirgi ne, ƙayar ake ɗagawa a ci na ƙasa. Alhaji ya dafa ƙirji ya ba shi haƙuri da hannu, sannan ya ce mini, "Mu ba mu yarda da wannan ba, amma jirginsa ne, kuma shi ya ciyar da mu." Bai sake tada maganar ba.

Su biyun ba su da harshe ɗaya, ba su da lambar juna. Tsohon kan kira shi Lawban, wato maigida, sauran hirar da yatsa ake yi. Shi ya sa na san in ban je ba, zai yi ta jira.

Na je ran Lahadi. Tsohon ya gan ni, ya leƙa bayana yana neman wanda ya saba gani. Ya ce, "Lawban?" Kalma ɗaya nake da ita, wadda muke ji a shago. Na ce, "Meyo," wato babu, na nuna sama. Ya daɗe yana kallona. Sai ya cika ɗan kofinsa da shayi, ya riƙe da hannu biyu, ya tsiyaye a kogi a hankali. Ni kuma na ɗaga hannuwana na yi wa Alhaji addu'a, hawaye na zuba. Bai tada inji ba sai da na shafa.

Allah Ya jiƙan Alhaji Garba, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba matarsa Hajiya da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, Ya tsare musu bayansa. Wannan tsohon da ya yi kewarsa tare da mu, Allah Ya sanyaya masa zuciya. Amin.