Ƙasar Dutsen da Na Ci

Cikina na fari yana wata biyar na fara kwaɗayin ƙasa. A gida wannan ba abin faɗa ba ne. Mata nawa na gani suna ƙwaƙular bangon ɗaki, ko su aika kasuwa a sayo musu farar ƙasa? Amma a ƙasar Turawa muke, a garin Greensboro, a hawa na biyu na wani gidan haya a gabashin gari, kusa da jami'ar da maigidana yake karatun digiri na uku, kuma bangonmu katako ne da fenti.

Karatunsa a kan ƙasa ne. Kafin mu zo ya yi damina biyu yana hawan duwatsun Mambila, cikin wani kurmi da gajimare ke sauka har kan ganye, yana haƙa ramuka tun daga gindin dutse har ƙoli, yana ɗiba a kowane mataki. So yake ya gane abin da ya sa itatuwan sama suka bambanta da na gindi, da yadda ƙasar can take riƙe ruwa idan zafi ya ƙaru. A can ya zame a gangare, dutse ya tsaga masa ƙauri har farin ƙashi ya fito, aka ɗinke shi ba allurar kashe zafi. Bayan tahowarmu aka cinna wa gefen kurmin wuta don neman sabuwar ciyawa, wuraren da ya haƙa a sama suka ƙone ƙurmus. Abin da ya rage na wurin yana cikin kwali uku, a ƙananan robobi masu lamba. An riga an gasa ƙasar kamar yadda dokar shigo da ita daga waje ta ce, kuma ana gyaran ma'ajiyar ɗakin bincikensu, shi ya sa ya kawo kwalayen gida ya tura cikin kabad ɗin kayanmu, yana ɗaukar kaɗan-kaɗan yana kaiwa.

Ya ce kada in taɓa. Bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Wata rana ina ninke kaya na buɗe roba ɗaya, wai in shaƙa kawai. Baƙa ce wuluk, mai laushi. Na zuba kaɗan a tafin hannu na ɗiga mata ruwa, sai ƙamshin ruwan farko ya tashi. Na lasa. Na yi istigfari, na sake lasa. Cikin mako uku na bi robobi da yawa. Da na ga sun ragu, sai na yi abin da mace ke yi idan ta ɗebi abin da ba a ba ta ba, na cike gurbi. Na sauka da cokali, na tono baƙar ƙasa daga ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye a gindin shingen gidan, na busar a tanda, na daka a turmin yaji, na tankaɗe, na gauraya. Ko launi bai bambanta ba. A wurina ƙasa ƙasa ce, duk Allah ne Ya shimfiɗa ta.

Bayan wata guda ya daina cin abinci. Awon da yake yi ya ƙi daidaituwa da na baya. Farfesarsa, wata dattijuwar Baturiya, ta gaya masa ko dai ya yi sakaci, ko kuma alƙaluman farko ƙirƙirarsu ya yi. Kwamitin jami'a zai zauna a kan maganar. In aka kama shi da ƙarya, an kore shi ke nan, kuma babu jami'ar da za ta sake karɓarsa. Ina jin duk wannan, ina ta nafila, ban haɗa shi da cokalina ba. Wallahi ban haɗa ba.

Ranar wata Asabar bayan azahar ya shimfiɗa jarida a kan tebur, ya juye roba ɗaya, ya duƙa da gilashin ƙara girman abu. Ya daɗe a haka. Can ya ɗago wani ɗan jan abu a bakin allura.

"Zo nan. Mene ne wannan?"

Ɓawon barkono ne, daga turmina. A nan na gane komai.

"Malam, ni ce. Ci na yi. Na cike da ta gindin shinge."

Teburin ya fara kifarwa. Sai mari a kunnena na hagu, na ji kamar an fasa kwalba a cikin kaina. Na dafa bango, ya finciko ɗankwalina har da gashi, ya wurga ni kan kujera, kujerar ta tafi da ni ƙasa. Ya shiga kicin ya ɗauko turmin ya jefa, ya wuce ta saman kaina ya tarwatsa gilashin taga. Mutumin da ko ƙuda ba ya kashewa, wanda yake fitar da gizo-gizo waje a cikin kofi.

"Damina biyu! Jinina na zubar a kan dutsen nan, ke kuma kin mai da shi tuwo! Tuwo!"

Na dunƙule na rufe cikina da hannuwa. "Malam, cikin! Don Allah, cikin!" Ƙafarsa ta zo, ta sami hannuna na dama. Na ji yatsu biyu sun yi ƙas. Jini daga kunnena yana ɗiga cikin ƙasar da ta watse a kan kafet, ina kallonta tana shanyewa.

Hajiya ce ta banko ƙofa. Maƙwabciyarmu ce ta hawan ƙasa, mutuniyar Maraɗi, mai kitso da sayar da kilishi. Da muciya ta shigo, tuwo na manne a jiki. Ta maka masa a kafaɗa, ta ƙara a gadon baya.

"Kai, ɗan boko! Karatun ne ya hau maka kai? Sake taɓa ta ka gani! Wallahi tallahi in ban kira polis sun ɗaure ka kamar ragon layya ba, ba uwata ta haife ni ba."

"Hajiya, ba ki san abin da ta yi ba."

"Ko dutsen ta haɗiye gaba ɗaya! Matsa mini. Tashi, ɗiyata, mu tafi lopital."

A asibiti suka ɗora na'ura a cikina. Sai da na ji bugun zuciyar yaron, ɗif-ɗif kamar ana sakwara daga nesa, sannan na yi kuka. Ma'aikaciyar ta tambaye ni wa ya yi mini haka. Ban iya ƙarya ba, ban iya faɗa ba, na kalli bango.

A ɗakin Hajiya na zauna. Ta ce in bar shi kwamiti ya cinye shi, shi ne daidai da shi. Na kwana biyu ina juya maganar. Abin da ya yi mini yana wuyansa, zai amsa a gaban Allah. Amma ƙaryar da ake zarginsa da ita bai yi ba, kuma ni kaɗai ce shaida a duniya.

Ranar Talata Hajiya ta kai ni jami'ar a motarta, tana zagina tun daga ƙofar gida har muka isa. Na tarar da farfesar na yi mata bayani da turancin sakandarena. Ta kalli ɗaurin hannuna, ta kalli audugar kunnena. Ta ce ta san mata masu cin ƙasa, a nan kudancin ƙasar ma akwai. Sannan ta sa aka kawo kwalayen, ta tambaye ni ko zan iya tuna waɗanda na taɓa.

Na iya. Jajayen masu yashi suna ƙaras-ƙaras a haƙori, sau ɗaya na gwada na bari. Baƙaƙen nake bi, masu ɗan tsami kamar an jiƙa tsamiya. Na ware su gefe ɗaya da hannun hagu. Ta bi lambobin da yatsa, ta cire tabarau ta murza ido. Duk na ƙolin dutse ne, wurin da ya ƙone.

Kwamiti ya wanke shi. Aka ce ya rubuta a kan gindin dutse da tsakiya kawai, tambayar da ta kai shi sama kuma a bar ta. Ya zo ƙofar Hajiya da la'asar ya faɗa, ita kuma ta tokare ƙofar da jikinta ta ƙi matsawa. Ya ce yana neman gafara. Ina zaune a kan darduma, sai da na juya masa kunnen dama sannan na ji, don na hagun bai sake ji ba har yau. Na ce a gaya masa na ji. Ban ce na yafe ba, don a ranar ban yafe ba, kuma ban so in yi ƙarya da alwala a jikina.