Yaɓen Maimuna a Tsohon Garin Ula

Ranar da aka sallaci gawar mijin Lailatu a Haramin Makka, ta fito ta nemi takalmanta ta rasa. Wata tsohuwa da ba ta sani ba ta tuɓe nata ta tura mata, ita kuma ta taka ƙasa mai zafi da safa har inda motoci suke. Wannan ita ce Maimuna. Ashe ma unguwarsu ɗaya, Rusaifa.

A Mai Wurno ta Sudan aka haifi Maimuna. Tun tana yarinya aikinta yaɓe, bangon da ruwa ya ci ita ake kira. Da ta zo Makka ba ta sami bangon ƙasa ba, sai ta kama sayar da turaren wuta a ƙofar gida. Amma hannun bai manta ba. Ko a gidan mutane take, in ta ga tsaga a bango sai ta shafa ta, kamar mai duba mara lafiya.

A bara, Sami ɗan Lailatu ya kai su ziyara Madina, ya ce sai sun wuce Ula sun ga tsohon garin da aka killace. Gidajen ƙasa ne jingine da juna, wasu ba rufi, lunguna matsattsu, baƙi sai ɗaukar hoto suke. Maimuna ta tsaya tana kallo.

"Ƙanwata, dubi wannan. Wanda ya kwaɓa shi bai yi rowar ciyawa ba."

"Yaya, mu je, an bar mu a baya."

Lailatu ta yi gaba. Da ta waiwayo, sai ta hango Maimuna ta tsallake igiyar da aka kewaye wurin da ita, ta durƙusa gindin wani bango. Ta juye ruwan gorarta a ƙasa, ta kwaɓa, tana cusawa a tsagar da yatsa, tana lailayewa da tafin hannu.

"Ya hajja! Mamnu'u!" Mai gadi ne ya taho da sauri, yana cewa da Larabci an hana.

"Ɗana, zai faɗi ne," ta ce masa da Hausa. "In aka yi ruwa biyu, shi ke nan."

Bai ji abin da ta ce ba. Mutane suka taru, wayoyi suka juyo kanta, wata mata ta yi dariya. Mai gadin ya duba hagu da dama, ya tambaya da Larabci, wa ke tare da tsohuwar nan?

Sami yana can gaba. Lailatu tana nan, taku goma tsakaninsu, kuma tana jin Larabci sarai. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya tana kallon wani allo da ko karanta shi ba ta iya ba.

Sami ne ya dawo ya ba da haƙuri. Har suka iso Makka Maimuna ba ta ta da zancen ba, daga baya ma ba ta taɓa yi ba. Wata huɗu bayan haka ta rasu.

Lailatu takan roƙa mata gafara bayan kowace salla, ta roƙa wa kanta. Abin da ya fi hana ta sakat ba tambayar mai gadin ba ce. Lokacin da take kallon allon nan, ta ji muryar Maimuna a bayanta, a hankali, ba fushi a ciki:

"Lailatu, ƙanwata, zo ki zuba mini ruwa in wanke hannu."