Tarun Tsohon Hidra

Riyad

Ana idar da sallar asuba muka bar unguwarmu Suwaidi, ni da uwargida Hadiza. Direban tasi, wani ɗan Zariya, ya tambayi inda muka nufa, na ce Girka, hayar jirgin ruwa muka yi. Ya kalle ni ta madubi. "Yallaɓai, kai da ruwa? Allah ya ba da sa'a."

Bai yi ƙarya ba. Ni Bakatsine ne, ko wankan rafi ban taɓa yi ba. Don Hadiza na yi wannan kasada. 'Yar Yawuri ce, mahaifinta masunci, bara ya rasu muna nan Riyad, kafin bizar fita ta fito an binne shi. Tun daga ranar ta daina ambatonsa, dariya ma ta ɗauke. Ta je asibiti aiki, ta dawo, ta yi shiru. Shirun nan ya ishe ni, ya kuma ba ni tsoro.

Atina

Da la'asar muka sauka, mota ta kai mu tashar jiragen ruwa. Jirgin ɗan madaidaici ne, da ɗakin kwana da kicin. Kyaftin ɗin ya ce in cire takalmi, ya ɗaura mini rigar ceto. Washegari muna shiga teku cikina ya juya, na rungume bokiti. Hadiza ta miƙo mini citta, ta ce, "Tauna, Baban Ummi. Daina kallon ƙasa, kalli nesa." Ita kuwa tsaye take ƙyam ba ta riƙe komai ba.

Hidra

Tsohon gari ne a wani tsibiri, a jikin dutse, gidajen attajiran teku na da can sun hau kan juna, ga tsofaffin igwa suna fuskantar ruwa. Motar haya ko ɗaya babu. Jakuna da alfadarai ke dakon kaya, sai na ji kamar ina kasuwar ƙauyenmu. Muka ci gasasshen kifi da burodi da man zaitun, babu yaji, na ci dai don yunwa.

A bakin tasha wani tsoho na zaune yana ɗinke taru, ya maƙale gefensa da babban yatsan ƙafa. Hadiza ta ja ta tsaya. Can ta durƙusa, ta miƙa hannu. Tsohon ya dube ta, ya ba ta allurar. Ba ya jin Hausa, ba ta jin yarensa, amma hannunta bai manta ba. Ya riƙa gyaɗa kai.

"Haka Baba yake riƙewa da ƙafa," ta ce, ba ta ɗago ba. "In na yi ƙulli sako-sako sai ya ce kifin Yawuri zai yi mini dariya."

Sai ta yi dariyar, hawaye na zuba a kan tarun. Ni ma na juya baya na share nawa. Har rana ta yi sanyi tana ba ni labarin mahaifinta.

Gida

Mun dawo lafiya, alhamdulillahi, godiya ga kyaftin da ya yi haƙuri da ni da bokitina. Muna ajiye jakunkuna a falo Hadiza ta ce, "Baban Ummi, hutu mai zuwa Yawuri za ka kai ni. Yanzu zan iya tsayawa a kan kabarin Baba."